Shekarar da Na Shanye Kunun Gayya

Bana ma sama ta yi mana halinta. Ruwa ya sauko da wuri kamar abin arziki, muka yi shuka, gero ya leƙo ya kai tsawon ɗan yatsa, sai hadari ya koma yawon ganin gari. Ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ya tsaya a kanmu har mu gama murna, sannan ya wuce ya je ya zubar a ƙasar Benin. A Bagudo in ka ga mata sun fara duƙawa bakin hanya suna tsinkar tafasa, ba sai ka leƙa rumbun kowa ba. Warin tafasar nan a tukunya shi ya fara taso mini da wata shekara da na daɗe ina zaune a kanta kamar kaza kan ƙwai.

Ni Alhaji Arzika ake ce mini, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan sunan da kyau, don nan gaba zai ji wani. Bokona bai yi nisa ba. Na dai kai inda nake karanta allon mota in san ko Kamba za ta ko Yawuri, in kuma yi gardama da rediyo.

Ina da taubashi, Nomau, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yawo ba wando bai taɓa gaishe ni da daɗin baki ba. In ya gan ni da sabuwar riga sai ya tambaya wa ya mutu aka raba gado. To, bara ciwon mantuwa ya kama shi. Ya fara da neman carbin da ke wuyansa, ya zo ya manta sunayen ’ya’yansa. An kai shi asibiti, likita ya ce sai haƙuri da kulawa. Ranar da na je duba shi, ya tashi zaune, ya gyara hula, ya ce, “Sannu da zuwa, Malam. An zo lafiya? Daga wane gari?”

Wallahi da zagina ya yi ta uwa ta uba, da ya fi mini sauƙi.

Bana abin ya ƙaru, ya daina cin abinci. A ganinsa shi baƙo ne a gidan mutane, ’ya’yansa da matansu kuwa wasu manya ne da ba a buɗe baki a gabansu. In an kawo kunu sai ya kawar da kai ya ce, “Alhamdu lillahi, yanzun nan na ci a gida.” Sai in ba kowa ya ɗan kurɓi ruwa. Wuyansa ya koma na zalɓe. Babban ɗansa Sani ya same ni ƙofar masallaci ya ce, “Baba, ko kai za ya ji maganarka.” Na je, na zauna gabansa, na ce ni ne Arzika. Ya ce, “Madalla. Suna mai kyau.” Kunun ya huce a gabanmu.

Na dawo gida na tarar da jikata Dije tana tsinke zogale a tire. Tana jami’a, karatun sinadaran jikin ɗan Adam take yi, hutu ya kawo ta. Ni ina ce mata amarya, ita tana ce mini angon da ba haƙori.

Na ce, “Amarya, wanga karatu naku, akwai inda aka faɗi ta wace ƙofa mantuwa ke shiga kan mutum?”

Ta ce, “Sai ka fara sanin ta wace ƙofa tunawa ke shiga, ango. Za ka iya zama ka saurara, ko rediyon za ka mai da ni?”

Ga abin da na tsinta. In da kuskure, laifin bokona ne.

Ta ce ƙwaƙwalwa cike take da ƙwayoyin jijiya da ba su ƙirguwa, kowace da rassanta, amma ba su manne da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai ɗan rata. Na ce kamar mu da mutanen ƙetaren kogin Kwara ke nan. Ta ce to, a bar shi a haka. In saƙo zai wuce, sai ta wannan gaɓar ta saki wani sinadari, gulutamet, ya haye ya sauka a wasu ’yan ƙofofi na waccan gaɓar. Jirgin fito dai. In saƙon ya zo sau ɗaya a sanyaye, ruwa ya shafe sawunsa, shi ya sa ban san miyar da na sha shekaranjiya ba. Amma in ya yi ta zuwa, ko ya zo da ƙarfi, sai wata ƙofa da ke toshe ta buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki, a ƙara wuraren sauka. Wannan ma rumfar kara ce, ba ta daɗewa. In ana so abu ya zauna, sai an aika can tsakiyar ƙwayar, inda umarnin gado yake ajiye, a sa ta ƙera sabon furotin, da shi ake faɗaɗa mahaɗar ta kafu.

Na ce, “Wato sai an je wurin hakimi an karɓo izinin gini.”

“Awo, in ka so.”

“To wa ke zaɓen abin da za a yi wa ginin siminti? Ni dai ba a taɓa shawartata ba. Karatun da malam ya yi ta dukana a kai ya zube, abin da nake roƙon Allah ya zube yana nan daram.”

Ta yi dariya. Ta ce tsoro da kunya da tashin hankali ba su neman shawarar kowa. In suka zo, jiki na sakin sinadarin adirinalin da ’yan uwansa, su tayar da wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa mai kamar ƙwarar gyaɗa, shi kuma ya ce wannan a riƙe shi da kyau. Barci ya biyo baya yana daɓe. Kuma duk sanda ka tuno abin, an buɗe ginin ke nan, a sake yaɓe, wani lokaci har da ƙari.

“Shi Kaka Nomau,” in ji ta, “wurin da ke karɓar sabon abu, hifokamfus, shi irin wannan ciwon kan fara ci. Tsofaffin abubuwa da aka daɗe ana bi sun riga sun bazu wasu sassan, su kan jima kafin su tafi. Ba magani nake ba ka ba fa. Amma in akwai abin da ya yi shekaru yana maimaitawa, mai zafi ko mai ban dariya, wataƙila nan ce ƙofar da ta rage.” Ta dube ni. “Mi ya faru? Ka yi kamar ka haɗiye kunama.”

Na san ƙofar. Ni ne ƙofar.

Shekarar ina saurayi ne, an sa mini rana da Kulu, kakar Dije, Allah ya jiƙanta. Bazarar ta yi tsawo har muka fara zaton an manta da mu. Zafi irin wanda kaza ke buɗe baki ta saki fukafukai, mutum ya taka ƙasa ya ɗaga ƙafa kamar mai rawa. Kwara ta ja baya ta bar yashi fari fat, jiragen fito suna kife a kai. Da ruwa ya zo, muka fita da sungumi gida-gida, muka zuba iri. Ya tsiro, rana ta ƙone shi. Muka sake. Ta sake ƙonewa. Irin shuka na uku daga bakin yara aka ɗebo shi.

Abin da na fi riƙewa na lokacin shi ne shiru. Unguwar da da asuba ke amsa kuwwar turame ta yi tsit. In ka ji tabarya a wani gida, kowa ya san gidan, su ma sai su riƙa dakan a hankali kamar masu laifi. An shiga rumbu an share shi da tsintsiya, an tankaɗe ƙasar an fid da abin da ya fita. Mata suna sammako tafki su shiga taɓo har cinya suna tonon bado, su dawo da tsutsar ruwa manne a ƙafa. A gidanmu tukunya sau ɗaya take hawa murhu, bayan azahar: tafasa, ɗan dusa in an samu, gishiri. Innata takan raba ta ce ita ta ci tun a madafa, mu kuma mu yi kamar mun yarda. Maza masu ƙarfi suna bin hanyar Dole Kaina su tsallaka ƙasar Faranshi, kamar yadda muke ce wa ƙetaren iyaka, su yi aikin kwanaki su dawo da garin rogo a ka. Garin nan in ka jiƙa shi ya kumbura sai ka ji kamar ka ci abinci, kafin ka kai gona ya gudu ya bar ka.

Yunwa ba a ciki kaɗai take zama ba. Tana shiga kunne ta yi ta ƙara kamar sauro. Tana shiga gwiwa. In ka duƙa ka ɗago, duniya sai ta yi duhu ta dawo. Mukan ɗaure ciki da tsohon rawani mu ce don ƙarfin noma ne.

Sai ruwa ya dawo, kuma ya dawo da fushi. Kwana da kwanaki ana tafkawa, katangu suna zubewa, kwaɗi suka cika gari da waƙa. Gero ya tashi, amma ciyawa ta riga shi. Nan muguntar damina take: ranar da aiki ya fi yawa, ranar rumbu ya fi zama fanko. Ba mai iya nome gonarsa shi kaɗai, sai gayya, yau ta wannan gobe ta wancan.

Al’adarmu kuwa, wanda aka sa wa rana sai ya tara abokansa ya kai gayya gonar surukinsa. Gidan surukai ke kawo abin taɓawa. Abokai su ci su sha, amma shi mai neman aure ko ruwa ba ya kurɓa a gaban surukai. In an kira hutu ma ba ya zama, sai ya ba su baya ya ci gaba da noma, a ga irin mijin da za a ba ɗiya. Yara na yanzu suna cin shinkafa faranti ɗaya da uban matarsu, har su roƙi ƙarin nama. Ban ce komai ba. Ni da ma na samu zamaninsu.

Uwar Kulu, Inna Tumba, mace ce doguwa marar yawan magana. Ban taɓa kallon fuskarta ba, ƙafafunta na sani. Daga baya na ji cewa tun kafin rumbunsu ya ƙare ta ɗebi gero ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka, ta ce na ranar gayyar Kulu ne. Ƙannen Kulu suna kuka, ba ta fasa tulun ba. Ba za a ce samari sun yi wa gidanta noma sun koma da baki busasshe ba.

Ranar gayya gari ya waye fes bayan ruwan jiya. Rana ta fito, ƙasa ta ɗauki tururi kamar tukunyar dambu. Ni rabona da abinci tun tafasar jiya. Na shiga gaba da hauya ina zuba bajinta, don na san Kulu tana wani wuri tana leƙe. Nomau yana bayana yana mini kirarin tsiya: “Sannu ingarma mai ƙafar sauro! A yi a hankali, kar iska ta kai ka Benin!”

Da rana ta take, sai iska ta kawo ƙamshi. Kunun tsamiya, na gero na gaskiya. Na yi wata biyu ban ji wannan ƙamshin ba, har hawaye ya zo mini. Inna Tumba da kanta ta ɗauko babbar ƙwarya ta sauke gindin kirya, Kulu na biye da ludaya. Surukina ya kira hutu. Abokai suka yar da hauyoyi suka nufi inuwa. Ni kuwa na juya musu baya, kamar yadda aka gada, na ɗaga hauya sama.

Ban san ta sauko ba.

Abin da na sani na gaba, kaina yana kan cinyar wani, ludayi yana bakina. Ɗumi, tsami, ɗan tsakin gero a harshe. Zanen da ke gefen fuskata yana ƙamshin hayaƙi da daddawa, irin na uwata. Idona a rufe, na ji ludayin zai tafi, sai na cafke wuyan hannun na ce, “Inna, ƙara.”

Aka ƙara.

“Inna, ƙara.”

Ban san sau nawa ba, kuma ba na son sani. Nomau ya ce daga baya ma ture ludayin na yi na rungumi ƙwaryar. Da idona ya washe, fuskar da na gani a samana ta Inna Tumba ce. Ga surukina tsaye. Ga Kulu bayan kirya ta toshe baki da gyale. Ga abokaina zagaye da ni, kowa da busasshen ludayi a hannu, don ba wanda ya kai ga kurɓa suka ruga ɗauko ni. Ƙwarya kuwa har an ga zanen gindinta.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na samu wurin ɓuya. Inna Tumba ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta ja mayafi, ta ce, “Ɗa ne. Ɗa ya sha na uwarsa.” Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Abokaina suka ajiye ludaya, suka ƙara ɗaure rawunan cikinsu, suka koma suka ƙarasa gonar har la’asar. Ni aka bar ni a inuwa, ciki ya yi tulu, ina jin ƙarar hauyoyinsu.

A hanyar gida ne Nomau ya waiwayo, leɓensa a tsattsage, ya ce, “Inna-ƙara, za ka iya tafiya ko a goya ka?”

Kaka ta zo, gero ya yi, aka ɗaura aure. Amma sunan ya riga amarya tarewa. Na yi dambe a kansa, na yi fushi, na daina zuwa wasu kasuwanni. Inna Tumba har ta koma ga Allah ban sake yarda mun haɗa hanya ba, gudun da na yi mata ya wuce na al’ada. Kunun tsamiya ban sake shan shi a gaban mutum ba. Sannu a hankali waɗanda suka gani suka ƙare, na je Makka na dawo da sabon suna. Saura Nomau. Shi ko wurin suna ko wurin ɗaurin aure, sai ya matso kamar zai yi mini gaisuwa ya raɗa mini a kunne. Da ciwonsa ya fara, Allah na tuba, wani ɗan lungu na zuciyata cewa ya yi, to, an binne.

Washegarin hirarmu da Dije, da hantsi, na aika wa matar Sani ta dama kunun tsamiya, ta zuba a ƙwarya ba a roba ba, ta nemo ludayin duma. Na ce Dije ta raka ni. Na so a ce ba kowa, amma gidan mai jinya ba ya rabo da mutane: ’ya’ya, matansu, jikoki, maƙwabta, har da mai gyaran babur da ya shigo gaisuwa. Nomau yana jingine ƙarƙashin rumfa.

“Sannu da zuwa, Malam. Daga wane gari?”

Na fara gwada hanya mai sauƙi. Na matsa kusa da kunnensa na raɗa sunan. Na manta kunnen ma ya tsufa.

“Na’am? Daga garin Kaoje?”

Na dubi jama’a. Na dubi wuyansa. Sai na cire hula na ajiye, na sauka daga tabarma na zauna a ƙasa, ni Alhaji, da furfurata. Na ce, “Amarya, ɗebo ki ba ni a baki.”

“Ango, lafiya?”

“Yi abin da aka sa ki.”

Ta ɗebo ta kai mini. Na kurɓa. Tsamin nan ya daki harshena, sai ga kirya, ga tururin ƙasa, ga ƙamshin daddawa, ba abin da ya goge. Da za ta janye, na cafke wuyan hannunta, na buɗe murya yadda na bayan katanga zai ji.

“Inna, ƙara!”

Kowa ya juyo. Matar Sani ta dafe ƙirji, ta zaci ciwon ya zama na dangi. Nomau ya zuba mini ido. Can sai ya ɗaga hannu ya nuna ni.

“Kai! Ku ƙwace ƙwaryar nan! Inna-ƙara ne! Wallahi ba ya ragewa!”

Ya miƙo hannuwan nan kamar kara ya fizge ƙwaryar ya kafa kai. Ya sha, ya numfasa, ya sha. Tsakanin kurɓa da kurɓa yana ba su labari, tun daga ƙafar sauro har gindin ƙwarya. Ya ƙara da cewa na lashe ludayi na yi kuka, abin da ban yarda an yi ba. Dije tana share ido tana cewa, “Ka ga sabon yaɓen da na faɗa maka.” Sani ya juya baya, kafaɗarsa na rawa, ban san ko dariya ce ko ɗaya abin ba. Mai gyaran babur kuwa har da riƙe ginshiƙin rumfa.

Da ya ajiye ƙwaryar ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Arzika, ɗan banza. Ka tsufa. Wa ya mutu ka samu wagga riga?”

Washegari na koma. Ya gyara hula ya ce, “Sannu da zuwa, Malam. Daga wane gari?” Na cire tawa hular.

Haka muke yi yanzu kowane hantsi. Shi a wurinsa kullum sabon labari ne, ni kuwa a lissafin Dije ginin da ke kaina ya kusa zama bene. Ruwa ya dawo makon jiya, gero ya ɗan farfaɗo. Sani ya ce wuyan rigar babansa ya fara cika.

Yau ina fitowa wani ɗan ƙaramin abu da ko wando bai iya ɗaurewa ba ya durƙusa mini har ƙasa, cikin ladabi, ya ce, “Ina kwana, Alhaji Inna-ƙara.”

Na ce lafiya lau. Ban tsaya ba, kunu na hucewa.